'Yan dako ko kamfanin kwasar kaya mai lasisi, wa ya kamata in kira ranar tashi?

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya, ga ta a taƙaice: za su tashi daga gidan da suke haya a hawa na biyu zuwa wani gari mai nisa, tafiyar kusan yini guda a mota. Suna da firij babba, injin wanki, talabijin mai faɗi, wadrob biyu da kayan fashi masu yawa, wato masu saurin fashewa irin su gilashi da tangaran. Maigidanta yana ganin a samo samari 'yan dako huɗu ko biyar a ɗauki hayar mota shikenan, ita kuma hankalinta ya fi kwanciya da kamfanin kwasar kaya mai rijista, sai dai kuɗin da suka faɗa mata ya ninka na 'yan dakon sosai. Wanne ya fi?

To 'yar uwa, ni dai na daɗe a wannan harka, da kafaɗata na fara ɗaukar kaya kafin daga baya na zama mai kula da ma'aikata a wani kamfani, don haka duka ɓangarorin biyu na yi gumi a cikinsu kuma ba zan kushe miki ɗaya don in gyara ɗaya ba. Maganar ƙarfi kam kowa yana da shi, sau da yawa ma ɗan dako ya fi ma'aikacin kamfani ƙarfi da juriya. Inda suke rabuwa shi ne ranar da wani abu ya fashe, ko ya ɓata a hanya, ko wani ya zame a matakala ya ji ciwo, wa zai ɗauki asarar? In 'yan dako kika ɗauka amsar ita ce ke, ko kin sani ko ba ki sani ba. In kamfani ne na gaske, akwai takarda da ta faɗi wa zai biya da nawa zai biya. Yawancin bambancin kuɗin nan da kika gani, kuɗin wannan alhakin ne, sai kuma kayan aiki da horo.

Bari in fara da 'yan dakon don kar a ce na zalunce su. In ƙaurar ƙarama ce, ɗaki ɗaya ko biyu, a ƙasa babu bene, cikin gari ɗaya, kayan kuma katifa ne da buhunan tufafi da kujeru masu ƙwari da kwalaye, gaskiya kiran kamfani ɓarnar kuɗi ne. Ki samu mutum uku da wani wanda kika yarda da shi ya tsaya musu, ku yi jinga tun kafin a taɓa komai, a faɗi adadin kaya da adadin sawu, aiki zai ƙare lafiya. Amma ki sani a irin wannan tsarin ke ce manaja, ke ce mai ƙirga kaya, ke ce mai cewa wannan a ɗaure wancan kar a ɗora masa komai a kai, kuma ke ce inshora. Su aikinsu ɗauka da ajiyewa, kuma ba laifinsu ba ne, abin da aka biya su su yi kenan. Idan madubin wadrob ya tsage yaron zai ce miki ki yi haƙuri, kuma da gaske yake har zuciyarsa, amma ko kin ƙwace duk ladansa na ranar ba zai sayi madubin ba, kuma ba na jin za ki iya ƙwacewa ma.

Naki kuwa ba ƙarama ba ce, abu uku ne suka haɗu miki lokaci guda: matakala, na'urori masu nauyi, da doguwar hanya. Kowanne a cikinsu shi kaɗai ya isa ya sa in ce a yi tunani.

Ɗauki maganar nauyi. Cibiyar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ɗaya ya ɗaga, wannan ma in komai ya daidaita ne, kayan na kusa da jiki, babu juyawa babu miƙa hannu nesa. Hukumar HSE ta Birtaniya mai kula da lafiyar ma'aikata ita ma jagorarta kusan haka take, kilo 25 ga namiji a daidai ƙugu, 16 ga mace. Yanzu injin wanki mai ƙofa ta gaba yakan kai kilo 60 zuwa 80, saboda akwai tubalan kankare a cikinsa da ke hana shi tsalle lokacin da yake matse kaya, mutane da yawa ba su san da haka ba sai sun ɗaga. Ki yi tunanin wannan nauyin a kan matakala mai kwana, mutum ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, na ƙasan shi ke shan kusan duka nauyin kuma baya yake tafiya ba ya ganin inda yake taka ƙafa. Na taɓa ganin wannan da idona tun ina sabon shiga, wani abokin aikinmu firij ya kuɓuce wa na sama ya danne masa ƙafa a matakala, ya karye a idon sawu, wata uku bai yi aiki ba, masu gidan mutanen kirki ne sun biya kuɗin asibiti na farko, daga nan kowa ya kama gabansa, shi da iyalinsa suka ji jiki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin bel na ɗaukar kaya guda biyu da keken hawa matakala sun isa su hana abin faruwa. Kamfanin da ya san aikinsa yana zuwa da waɗannan, da barguna na naɗe kayan katako, da igiyoyin ɗaurewa a cikin mota, kuma ma'aikatansa suna da inshorar rauni a wurin aiki. A ƙasashe da dama in mutum ya ji ciwo yana yi miki aiki a gidanki ba tare da wani kamfani a bayansa ba, maganar tana iya dawowa kanki, ko a gaban doka ko a gaban lamirinki, kuma na biyun ma ba ƙaramin nauyi ba ne.

Sai na'urorin kansu, waɗanda lalacewarsu ba ta nunawa a ranar. Firij a tsaye ake ɗaukarsa, in aka kwantar da shi man da ke cikin kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, yana gangarowa cikin bututun sanyi, in kika jona shi da wuta nan take kina iya kashe shi, shi ya sa masu ƙera shi suke cewa a bar shi a tsaye na wasu sa'o'i kafin a kunna, in kuma an kwantar da shi a hanya a ba shi har yini guda. Kuma a kashe shi tun jiya ƙanƙarar ta narke, ba wai ruwa ya riƙa zuba a kan katifa a cikin mota ba. Injin wanki yana da wasu notuna uku ko huɗu da ake ɗaurawa ta baya su riƙe gangar ciki kar ta riƙa dukan jikinsa a kan gargada, su ne waɗanda aka cire ranar da aka fara haɗa shi, in kina da su ki nemo su yau. Talabijin mai faɗi shi ma a tsaye, kar a kwantar da shi, gilashin siriri ne kuma faɗinsa ya yi yawa, jijjigar hanya kaɗai tana iya tsaga shi ta tsakiya ba tare da wani ya buge shi ba. Ɗan dako mai shekaru a aikin yana iya sanin duk wannan, amma wanda aka tsinto da safe a bakin titi ba lallai ba, kuma in firij ya ƙi sanyi bayan kwana biyu wa za ki kama?

Doguwar hanya kuma tana da nata. Loda mota ilimi ne, masu nauyi a ƙasa kuma can gaba kusa da kan mota, a raba nauyin dama da hagu, a cike giɓi don kar kaya su riƙa yawo, a ɗaure layi-layi. A tafiyar minti ashirin ko an yi lodin banza ana iya tsira, a tafiyar yini guda duk birki ɗaya kayan suna gugar juna. Ga kuma tambayar da mutane ba sa so su yi: in motar ta yi hatsari, ko ta kama wuta, ko aka sace ta da kayan, fa? Inshorar mota ta yau da kullum galibi motar take rufewa da mutanen da aka yi wa ɓarna, ba kayan da ke bayanta ba, kayan suna da tasu inshorar daban ta kaya a kan hanya.

Amma fa, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne sosai, kalmar “mai lasisi” ko “muna da inshora” ba ta nufin abin da yawancin mutane suke zato. Bari in ba ki misali da Amurka don can dokar a rubuce take filla-filla. Kamfanin da ke kai kaya daga wata jiha zuwa wata dole ya yi rijista da hukumar FMCSA mai kula da manyan motocin sufuri ya samu lambar rijista da ake kira USDOT, kowa zai iya duba lambar a intanet. Kuma dole ya ba ki zaɓi biyu na diyya. Na farko kyauta ne, ba a ƙara miki ko sisi, amma abin da za a biya shi ne santi 60 a kan kowane fam ɗaya na nauyin abin da ya lalace, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Wato talabijin mai nauyin fam 50 in ya fashe dala 30 za a ba ki, ko nawa kika saye shi. Na biyun shi ne cikakkiyar kariya, su gyara ko su maye ko su biya darajarsa, wannan kuma da kuɗinsa. Mutane da yawa suna sa hannu a na farkon don sun ga kyauta, sai ranar kuka su gane. A wasu ƙasashen lissafin daban ne amma dabarar ɗaya ce, kusan kowane kamfani yana da iyakar abin da zai biya a kan kowane kaya, an rubuta da ƙananan baƙaƙe a bayan takarda. Don haka kar ki tambaye su “kuna da inshora?” domin kowa zai ce e. Ki tambaye su, in firij ɗina ya lalace nawa za ku ba ni, ku nuna min inda aka rubuta.

Akwai wani tarkon kuma, kwalayen da kika haɗa da kanki. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar alhakin abin da ya fashe a cikin kwalin da mai kaya ya cika ya rufe da kansa, sai in an ga alamar bugu ko matsewa a jikin kwalin daga waje, dalilinsu shi ne ba su ga yadda aka shirya cikin ba. Ke da kike da kayan fashi da yawa wannan ya shafe ki kai tsaye. In kina son a biya ki in sun fashe, ki bari su su naɗe su su rufe, tufafi da littattafai da tarkacen da ba ya fashewa ki haɗa abinki ki rage kuɗi.

Sannan ba duk mai suna kamfani ne kamfani ba. Wasu dillalai ne kawai, suna da shafi mai kyau a intanet da lambar waya, ba su da mota ko ɗaya, su karɓi aikinki su sayar wa wani, ranar tashi sai ki ga mota marar suna da samarin da aka tattaro a ranar, wato kin biya kuɗin kamfani kin samu 'yan dako, su kuma samarin an ba su abin da bai kai ya kawo ba. Mafi muni su ne masu faɗin farashi mai araha ta waya ba tare da sun ga kayan ba, su loda komai, sai a ƙofar sabon gida su ce kuɗin ya ninka kuma ba za su sauke ba sai an biya. Wannan damfarar sananniya ce har ta sa a Amurka doka ta ce in ƙiyasin ba mai ɗaurewa ba ne, wato ba tsayayyen farashi ba ne yana iya canzawa, kamfani ba zai riƙe kayanki ba matuƙar kin biya kashi 110 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta, sauran lissafi sai daga baya. Araha ba ta ado, in kika ga farashin wani ya faɗi ƙasa warwas da na sauran, akwai abin da ya cire ko abin da yake shirin ƙarawa.

Yadda nake gane na gaske ba wuya. Zai zo gidan ya ga kayan da idonsa, ko aƙalla ki zagaya da shi ta kiran bidiyo ɗaki-ɗaki har da buɗe wadrob, zai tambaye ki hawa na nawa ne a can inda za ki, mota za ta iya isa bakin ƙofa ko sai an yi tafiya da kaya, ƙofofi suna da faɗi ko sai an kwance wadrob. Wanda bai yi waɗannan tambayoyin ba, ko dai bai san aikin ba ko yana ajiye su ne don ya caje ki daga baya. Zai ba ki ƙiyasi a rubuce da sunan kamfani da adireshin da za ki iya zuwa ki tsaya a ƙofarsa, da lambar rijista da za ki iya dubawa a wurin hukumar da ta bayar, ba hoton takarda da ya turo miki a WhatsApp ba. Ba zai nemi ki biya duka ko mafi yawan kuɗin a hannu tun kafin aiki ba, ɗan kafin alƙalami da rasit ya isa. Kasancewa cikin ƙungiyar masu sana'ar ma alama ce mai kyau, kamar BAR a Birtaniya da ta faro tun 1900, ko FIDI mai hedikwata a Brussels ga masu kai kaya ƙasa zuwa ƙasa, wadda ba ta karɓar kamfani sai masu bincike daga waje sun tantance shi. Amma ko tambarin ƙungiya kika gani a jikin mota ki shiga shafin ƙungiyar ki nemi sunan, manna sitika ba ya wahala. Ki nemi ƙiyasi daga wuri uku, ba don ki zaɓi mafi araha ba, don ki ga abin da ɗaya ya lissafa ɗaya ya tsallake.

Ga maigidanki kuma, ba na ganin ya yi kuskure da ya damu da kuɗi, tashi gida yana cin aljihu ta ko'ina. Abin da zan ce masa shi ne ya zauna ya yi lissafin gaskiya: ladan samari a nan, ladan wasu samarin a can inda za a sauke domin waɗannan ba lallai su bi motar ba, hayar mota da mai, kwalaye da salatif da barguna, ranakun aikin da zai rasa, sannan ya ɗora kuɗin firij ɗaya ko talabijin ɗaya a kai ya ga ko har yanzu giɓin yana da faɗin da yake gani. In ya ga zai iya sayen sabo gobe ba tare da ya girgiza ba, to yana iya ɗaukar kasadar da idonsa a buɗe. In ba zai iya ba, to kasadar ta fi ƙarfinsa.

Kuma akwai tsaka-tsaki wanda ni shi nake ba yawancin mutane shawara, kuma shi zan ba ki. Ku rage kaya tukuna, abin da kuka shekara biyu ba ku taɓa ba ku sayar ko ku bayar, don kamfani da nauyi ko girman kaya yake caji, kuma ɗaukar tarkace zuwa wani gari biyan kuɗi ne a kan abin da za a sake jibgewa a lungu. Ku haɗa tufafi, littattafai, takalma da kayan da ba sa fashewa da kanku, in kuna buƙatar hannu a nan ku kira mutum ɗaya ko biyu su taya ku, ku biya su da kyau, kuma kar ku cika babban kwali da littattafai har ya gagari ɗauka, masu nauyi a ƙananan kwalaye, marasa nauyi a manya. Sannan ku bar wa kamfani na'urori, wadrob, kayan fashi, matakala da hanya, ku ɗauki cikakkiyar kariya ba ta kyautar nan ba. Da haka kuɗin zai sauka sosai kuma abubuwan da asararsu za ta yi ciwo suna hannun wanda ya sa hannu zai biya.

Wasu abubuwan kuma ko wa kika ɗauka kar su shiga motar kaya: takardun shaida, fasfo, takardun makaranta da na gida, gwala-gwalai, kuɗi, magunguna, kwamfuta da wayoyi, waɗannan a jakarki a jikinki. Tukunyar gas, fetur, fenti da duk abin da ke kama wuta yawancin kamfanoni ma ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya, in 'yan dako suka ce ba komai a saka, ke ki ce a'a.

Ranar lodi ki ɗauki hoton kowane babban abu ta gaba da baya, ki kunna talabijin ki ɗauki bidiyo yana aiki, ki sa wa kowane kwali lamba da sunan ɗakin da zai shiga, kamfanin zai rubuta jerin kaya da yanayin kowanne, ki karanta kafin ki sa hannu domin in sun rubuta “da ƙarce a jiki” a kan teburin da ba shi da ko ɗigo, sun rufe miki ƙofar ƙorafi kenan. A can ma haka, ki tsaya a ƙofa da jerin a hannunki kina cire lamba ɗaya bayan ɗaya, kowa zai gaji, za su matsu su tafi, direba zai riƙa duba agogo, duk da haka kar ki sa hannu a kan cewa komai ya iso lafiya sai kin zagaya kin duba, abin da kika gani ya lalace ki rubuta a jikin takardar tasu a gabansu ki ɗauki hotonta. Kowane kamfani yana da wa'adin shigar da ƙorafi, a dokar Amurkar da na ambata wata tara ne, amma a yarjejeniyoyi da yawa na wasu wuraren kwanaki ne kawai, wani lokaci mako guda, don haka ki nemo wannan layin a takardarki tun kafin ranar, kuma kwalayen kayan fashi su za ki fara buɗewa a kwana biyun farko ko da sauran za su yi wata a rufe.